Ƙwallo da Kaye: Bashin da Munka Hana

Yau zancen lakwal da ƙwallo na kawo muku, kuma abin da ya faru a zubinmu na makon jiya ne ya sa. Na nemi izinin mai zancen kafin in rubuta, ta yarda, amma ba zan faɗi sunanta ba.

Ƴar'uwarmu ta nemi bashin jika 150 daga asusu. Ɗanta yana aji 4e a kwaleji nan Dakoro, kuma kowa ya shaida yaron ya iya ƙwallo. Wani baƙo ya ga wasansa, ya bi shi har gida, ya ce zai kai shi Yamai gwaji, daga can sai ƙetare. Kuɗin mota, kuɗin takardu, da wani abu wai shi kuɗin hanya. Munka ce ina takardar kulob ɗin? Babu, sai lambar waya. Ya je wurin shugaban makaranta? Bai je ba. Nan munka hana bashin. Ta yi fushi har da hawaye, ta ce hassada muke yi. Wallahi ban ga laifinta ba, uwa ce.

Kada ku ɗauka ni maƙiyiyar ƙwallo ce. Ina tune da watan Oktoba na 2010, ranar da Mena ta ci Masar 1 da 0 a Yamai, Moussa Maâzou ya zura ƙwallon. Rediyo ɗaya munka kewaye a tsakar gida, har tuwona ya kama. Daga nan Nijar ta je gasar Afirka karo na farko a 2012, ta sake zuwa a 2013. Ƴan ƙasa da shekara 17 sun je gasar duniya a Indiya a 2017, a 2019 kuma anka buga gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a Yamai da Maradi, nan kusa da mu. Yaron da ya tashi yana jin waɗannan labarai, dole ya yi mafarki. Sai dai ku riƙe wannan: dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba a kai shi kulob ɗin wata ƙasa, in ban da wasu ƴan dalilai kaɗan. Yaron nan shekararsa 15. To ƙetaren ina za a kai shi?

Abin da ya fi tada mini hankali ma, takardar sakamakonsa ce. Da ta kawo na duba, mwayen ɗinsa 8 bisa 20. Uwar ba ta sani ba, don ba ta karatun boko, shi kuma kullum ce mata yake lafiya lau. Ga yadda abin yake, ga wadda ba ta sani ba: kwaleji shekara 4 ce, daga 6e zuwa 3e, sannan jarrabawar BEPC. Lise shekara 3, sannan BAC, sannan jami'a, ga ta Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi. Kowace shekara 10 bisa 20 ake nema. Wanda ya kasa sai ya maimaita aji, in ya sake kasawa ana iya korarsa. Da yawa daga yaran da kuke gani zaune a tasha nan sunka tsaya.

Nawa ɗan ma ya taɓa kusan faɗawa. Mushen da ke koya musu wasa ne ya ce wanda bai kai 10 ba, ba zai sa rigar makaranta ranar wasan aji da aji ba. Dukan da ubansa ya yi masa bai sa ya buɗe kaye ba, maganar rigar nan ta sa. Shi ya sa ba na goyon bayan masu fasa wa yara ƙwallo da wuƙa. A bar shi ya buga bayan la'asar, amma magariba ta same shi gida, kaye a hannu.

Bari in tsokano mu kanmu. Lokacin da samari ke fili, ina ƴan matanmu na kwaleji suke? Bakin famfo, ko gindin turmi, ko talla a ka. Su ba wasa, ba bita. Waɗanda sunka zo daga ƙauyukan Kornaka ko Birnin Lalle suna zaune gidan masauki, nasu aikin ya fi yawa. In ɗiya ta faɗi BEPC sai mu ce ba ta da kai, mu fara zancen aure.

Daga ƙarshe dai mun ba ƴar'uwarmu ƙaramin bashi: fitila mai hasken rana, kaye, da takalmin ƙwallo na gwanjo, da sharaɗin ta je da kanta ta ga shugaban makaranta. Baƙon kuwa, tun da aka ce ya zo a yi maganar gaban malamai, wayarsa ba ta sake shiga ba.

Zubi mai zuwa, kowace ta taho da takardar sakamakon ɗanta ko ɗiyarta, ko da ta bara ce. Ni da magatakarda za mu zauna bayan an rufe akwati mu karanta wa kowa tata, a keɓe.