Ƙafar da aka kwance daga mari

A ƙauyukanmu na Bichi da Dambatta da Makoɗa, idan aka dawo da mai taɓin hankali daga asibitin Dawanau, ya bar sambatu, ya daina jin muryoyin da shi kaɗai ke ji, sai dangi su yi hamdala, a ce an gama. Ba mai duban ƙafarsa.

Ku lura da tafiyar mai ciwon sikizofireniya: taku gajere, ƙafa na jan ƙasa, hannuwa ba sa lilo, jiki a sandare. Ciwon na da nasa kason, haka ma tsofaffin magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine, masu danne aikin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa. Ga kuma shekarun da wasu suka shafe a mari, al'adar da ba ta mutu ba duk da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023.

Abin da likitocin gashi ke koyarwa ba ya bukatar na'ura: a tashi daga kujera a zauna sau da yawa, a dafa bango a tsaya da ƙafa ɗaya, a yi tafiya ana buɗe taku. Hanyar gona da ta masallaci sun wadatar, in an sami ɗan rakiya. Amma kunyar idon maƙwabta ta sa muna kulle shi a ɗaki, a ƙasar da mutum ba ya cin abinci sai ya taka zuwa gona.

Kada a dakatar da magani don sandarewar jiki. A faɗa wa likita, yana iya rage shi ko ya sauya wani.