Kun San Otal ɗin Dubai, Ba Ku San Giginya Ba



Yau faɗa na zo yi, kuma da ku zan yi shi. Wanda abin ya taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A cikin wata biyun da suka wuce na karanta labarai bakwai na sababbin marubutanmu. A biyar daga ciki akwai otal: uku a Dubai, ɗaya a Abuja, ɗaya kuma ba a ma faɗi garin ba. Abin haushi, ɗaki ɗaya ne duka. Gado lafiyayye, sanyi na ratsa jiki, ƙamshi na tashi, bango duk madubi. Abin da ke faruwa a ciki ma bai wuce biyu ba: ko ango ya kai amarya shan amarci, ko wani Alhaji ya yaudari 'yar mutane. Ba kuku, ba mai gadi, ba mai share ɗakin, kamar aljanu ke gyara gadon. Na san wasu daga cikin masu wannan rubutu, ko Kwannawa ba su cika wucewa ba, amma sun iya lissafa hawa nawa ne a benen Dubai.

Ga abin da ya tunzura ni. A layinmu nan Minanata akwai wani dattijo da ya yi shekaru fiye da ashirin yana wanki da guga a wani tsohon otal na gwamnati. In aka idar da la'asar ya zauna a kan tabarma, sai labari. Ya san yadda ake gane babban baƙo daga nauyin rigarsa kafin a ga fuskarsa. Ya san daren da 'yan siyasa suka kwana suna ja-in-ja, aka yi ta kai shayi har asuba, da safe rediyo ta ce an cimma matsaya cikin lumana. Ya san lokacin da famfunan otal ɗin suka ƙafe, ma'aikata suka koma hawa bene da bokiti don kada baƙo ya gane. Kullum ina cewa zan zo da waya in naɗi muryarsa. Bara Allah Ya yi masa rasuwa, ban naɗi ko minti ɗaya ba. Don haka kafin in zage ku, na fara da kaina.

Yanzu ku amsa mini. Mu da muke Sakkwato, sau nawa muka shiga otal ɗin Giginya ko Shukura wajen walima ko taron ƙara wa juna sani? Wa ya taɓa tsayawa ya tambayi wanda ya fi kowa daɗewa a cikin ma'aikata yadda wurin yake a da? Sunan ma kaɗai ya isa labari. Giginya nan ne fagen da dakarun Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya suka kara da sojojin Turawa ranar 15 ga Maris, 1903, kafin ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi cikin Yulin wannan shekara. Wato baƙon da ya kwana a otal mai wannan suna, a ƙarƙashin sunan ranar da daular Usmaniyya ta faɗi ya kwana. Ta yaya sunan fagen yaƙi ya zama sunan masauki, da filin wasa, da barikin soja? Ga tambaya mai cin littafi guda, amma mun tafi Dubai.

In kuna ganin gini ba ya gudu, ku je Kaduna ku nemi otal ɗin Durbar. An gina shi saboda bikin FESTAC na 1977, zamanin mulkin Janar Obasanjo, lokacin da aka ware wa Kaduna gagarumin hawan daba, sarakunan Arewa suka hallara da dawakansu, baƙi suka zo daga ƙasashen duniya. Daga baya otal ɗin ya faɗa cikin taƙaddamar mallaka tsakanin gwamnati da iyalan Janar Sani Abacha, ya yi shekaru a rufe yana lalacewa. A watan Janairun 2020 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa katafila ta rushe shi. A Kano ma, a watan Yunin 2023, an rushe sababbin gine-ginen da aka yi a filin tsohon otal ɗin Daula. Kowane lokaci sai mu yi kwana uku muna cacar baki a Facebook kan wane gwamna ne ya yi daidai. Wannan shari'a ce ta kotu da 'yan siyasa. Tambayarmu mu marubuta daban ce: ina mutanen da suka dafa abincin baƙin FESTAC? Ina direbobin da suka yi jigilarsu, da masu gadin da suka zauna cikin kangon shekara da shekaru? Katafila gini ta ci. Labarin kuwa shirunmu ne ke cinye shi, kuma kullum wani dattijo na tafiya da kasonsa.

Ku kwatanta da Legas, birnin tashar jiragen ruwa. A bakin ruwa a Victoria Island akwai otal ɗin Federal Palace, wanda aka buɗe a 1960, shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, manyan baƙin bikin suka sauka a cikinsa. Ya sauya hannu ba sau ɗaya ba, an yi masa kwaskwarima, amma har gobe masu shi suna tallata shi da cewa a wani ɗakin taronsa aka sa hannu a takardar 'yancin ƙasa. Sun gane cewa labarin gini jari ne, yana iya fin gadajen da ke ciki tsada. Kuma wa ya karɓi ragamar ƙasar a wannan biki? Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Hausa, mai littafin Shaihu Umar. Ɗan Arewa ne a tsakiyar hoton, amma ko tunanin rubuta labarin wani ɗan rakiyar tawagar Arewa da ya fara ganin teku a wannan mako ba mu yi ba.

Na san abin da wasunku za su ce. Za ku ce otal matattarar ɓarna ce, kuma baƙon abu ne a al'adarmu, rubutu a kansa tallar alfasha ne. To bari mu bi ta a hankali. Ana ɓarna a wasu otal, ban musa ba. Ana yi a kasuwa, ana yi a tashar mota, ba wanda ya ce a daina rubuta su. Sannan in gaskiya za a bi, wa ya fi tallata ɓarnar? Wanda ya rubuta rayuwar mai wanki, ko ku da ba ku taɓa kai jarumarku otal ba sai don a lalata ta? Ku ne kuka mai da wurin fuska ɗaya.

Batun baƙon abu kuwa, a nan na fi jin takaici. Kalmar otal ce baƙuwa, sana'ar saukar baƙi tamu ce tun kaka da kakanni. Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro a zango yake yada kaya, kuma a kowane babban gari akwai fatoma ko maigida mai saukar fatake. Shi zai ba ka ɗaki da abinci, ya adana maka kaya, ya samo maka mai saye, ya tsaya maka in za a ba ka bashi. Masauki ne, banki ne, kotun sulhu ne a gida ɗaya. Wannan tsari ne ya kafa unguwannin Hausawa a Salaga da Kumasi, har zuwa bakin teku a Ankara ta Gana da Agege ta Legas. Wa ya rubuta shi? Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan ya fitar da littafi a 1969 kan masu gidajen fataken shanu da goro. Paul Lovejoy ya fitar da nasa kan fataucin goro a 1980. Duka da Turanci. Tun kafin su, Bature Clapperton da ya zo Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Waziri Giɗaɗo ne ya sauke shi, kuma ya rubuta abin da ya gani. Baƙo ya kwana ya rubuta, jikokin mai masauki sun zauna suna kwafar fim ɗin Indiya. A garin da Shehu da Abdullahin Gwandu da Bello da Nana Asma'u suka bar littattafai jibgi, wannan abin kunya ne.

Kada kuma wani ya ce aikin malaman jami'a ne. Malamin tarihi zai kawo shekarar da aka aza tubali da sunan gwamnan da ya yanke ƙyalle. Ba zai gaya maka yadda zuciyar kuku take bugawa ranar da aka ce shugaban ƙasa zai ci tuwonsa ba. Wannan gonarka ce kai mai ƙagaggen labari, kuma ba ta nomuwa daga kan katifa.

Ga aikin da nake ba mu, har da ni. Kowa ya zaɓi tsohon masauki ɗaya a garinsa: otal ne, gidan saukar baƙin gwamnati ne, ko gidan wani fatoma a bayan kasuwa. Ka je da ladabi, ka nemi wanda ya fi daɗewa, ka nemi izininsa kafin ka naɗi murya. Ka tambaye shi nawa ne kuɗin kwana a shekarar da ya fara aiki, me ake dafawa, wane baƙo ne bai manta ba, yaushe ya fara ganin wurin na ja baya. Abin da ya ce sirri ne ka bar shi sirri, sunan da zai ɓata wani ka sauya shi. 'Yan Sakkwato ku leƙa Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, na Kaduna ga Arewa House. Sannan ka zauna ka rubuta shafi uku kacal, ɗaki ɗaya, dare ɗaya, ta idon ma'aikaci.

In bayan wannan har yanzu Dubai kake so, Allah Ya ba ka kuɗin jirgi ka je ka gano. Ni dai akwai wani tsohon mai gadi da aka yi mini kwatancensa, ranar Asabar zan je, kuma wayata cike take da caji.

Allah Ya jiƙan dattijon layinmu. Mu kuma Ya sa mu dace.