Dutsen Kalambaina Da Ƙafafun Ƙannenmu

Duk wanda ya bi ta Kalambaina a Sakkwato, ko Ashaka a Jihar Gombe, ya ga yadda ake fasa farin dutse ana ƙona shi don yin siminti. Mu da muka zauna ajin kimiyya mun san sunansa, watau kalsiyam kabonet. Shi ne a ɓawon ƙwai da na katantanwa. Kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa kalsiyam ne, abin da jiki ke gina ƙashi da haƙori da shi. In ya shiga ciki, ruwan tsamin tumbi yakan narkar da shi, shi kuma ya kashe kaifin tsamin, don haka ake sa shi cikin maganin ƙwannafi.

Mun haddace wannan, mun ci jarrabawa. Amma mu nawa ne muka tuna da shi sa'ad da muka ga yaro a unguwarmu da gwame ko ƙafar baka?

Littattafan Turai sun koya mana rashin hasken rana ke lanƙwasa ƙashin yara. To, mu ina muka rasa rana? A 1999 likitocin da suka yi bincike a Jos suka bayyana cewa yaran da aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Watau yunwar kalsiyam ce, domin yaron da aka yaye a kan koko da tuwo, ba nono, ƙashinsa ba ya samun abin gini. A 2015 kuma aka nuna, a Jos ɗin dai, cewa garin wannan dutse da aka auna, ko garin busasshen kifi da ƙayarsa, yana warkar da cutar.

Ba muna cewa kowa ya daka dutse ya ɗura wa ɗansa ba ne. Awo da tacewa aikin masana ne. Farar ƙasar da masu juna biyu ke ci ma yumɓu ce, an kuma sha samun dalma cikin irinta.

Kiranmu ga 'yan'uwa da suka kama aikin gwamnati shi ne su matsa a wadata asibitocin karkara da ƙwayar kalsiyam. Mu kuwa ɗalibai, in mun je hutu, mu gaya wa iyayenmu mata: nono, miyar kuka da ƙananan kifi, tun ranar yaye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin kunya ne ƙasar da ke gina benaye da wannan dutse ta kasa miƙar da ƙafafun 'ya'yanta.

Allah Ya sa mu gane.