Binciken Man Shafawa na Fatar da Rana ta Lalata: Ina Rabon Zabiya?

Akwai wani kirci mai kaushi da ke fitowa a fuska, kunne, ƙeya da bayan hannu idan fata ta daɗe tana shan zafin rana. Likitoci na kiransa aktinik keratosis. Shi kansa ba sankara ba ne, sai dai wani daga cikinsa kan rikiɗe ya zama sankarar fata, kuma ba a iya tantance wanda zai rikiɗen tun da wuri. Saboda haka ake shafe duk wurin da magani, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A shekarar 2019 mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan kan majinyata 624, inda aka kwatanta hanyoyin magani huɗu. Bayan shekara ɗaya, man fuloroyurasil ya yi aiki ga kusan kashi 75 cikin ɗari na waɗanda suka shafa shi, imikwimod kusan kashi 54, maganin da ake haɗawa da haske kusan kashi 38, injinol mebutet kuwa kusan kashi 29. Wanda ya yi zarra tsohon magani ne da ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Na ƙarshen, wanda ake sayarwa da sunan Picato, an janye shi daga kasuwannin Turai a 2020, bayan an ga alamun yana ƙara haɗarin sankarar da ake gudu.

Wannan ilimi ne mai daraja, amma akasarin irin waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a kan Turawa masu yawan shekaru. A Afirka kuwa zabiya ne cutar ta fi addaba, saboda fatarsu ba ta da sinadarin melanin da ke tare hasken rana. Tun a 1975 likita A. N. Okoro ya nazarci zabiya 1,000 a Nijeriya, ya nuna yadda rana ke lalata fatarsu tun suna ƙuruciya. Matashin da ke noma a tsakiyar bazara a Katsina ko Maraɗi, halinsa ya sha bamban da na dattijon Holan da ya yi ritaya: ranar ta fi zafi, kircin ya fi yawa, kuma gobe ma gona zai koma. Sakamakon can ba zai wadatar a nan ba sai an gwada.

Wajibi ne asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato su gudanar da nasu gwajin a tsakanin zabiya, su kuma bi majinyatan shekaru da dama, tunda darasin Picato ya nuna cewa ɓacewar kirci ba ita ce ƙarshen zance ba.

Masana Hausa ma suna da rawar takawa. Fuloroyurasil kan sa fata ta yi ja, ta yi raɗaɗi, ta yi ɓawo cikin makonnin shafawa. Majinyacin da ba a fayyace masa wannan da harshensa ba zai ɗauka ciwon ne ya tsananta, ya watsar da maganin, gwajin ya lalace. Takardar neman amincewa da bayanin yadda ake shafawa suna bukatar Hausa tsayayya, wadda likita da masanin harshe suka zauna suka tsara tare kafin a ɗauki majinyaci na farko.