Zagayen Tarihi: Melk, Garin da Makaranta Ta Yi wa Garkuwa

'Yan uwa ɗalibai, a wannan makon mun leƙa ƙasar Ostiriya da ke Turai, zuwa wani ƙaramin gari mai suna Melk a bakin Kogin Danube, kimanin kilomita 80 yamma da Viyana, babban birnin ƙasar. Tun shekarar 831 sunan garin ya bayyana a rubuce. Abin da ya fito da shi kuwa shi ne wani katafaren gini mai ruwan ɗorawa a bisa tsauni, yana kallon kogin.

Da can ginin ganuwar sarakunan gidan Babenberg ce. A 1089 basarake Leopold na Biyu ya miƙa ta ga ruhubanawan ɗariƙar Benedict, wato Kiristocin da suka keɓe kansu ga ibada, ba sa aure, suna raba yininsu tsakanin addu'a da aiki da karatu. Tun ƙarni na 12 suke da makaranta a can, suna kwafe littattafai da hannu kafin zuwan injin ɗab'i.

Wurin ya sha wuya. A 1297 gobara ta cinye ginin har da ɗakin littattafan, suka sake tarawa. Ginin da ake gani yau an yi shi ne tsakanin 1702 da 1736, bisa zanen wani gwanin magini, Jakob Prandtauer.

Babbar barazanar ta zo a shekarun 1780, lokacin da Sarki Joseph na Biyu ya rufe ɗaruruwan gidajen ruhubanawa. Ma'auninsa shi ne: me gidan ke tsinana wa jama'a? Wanda ba ya koyarwa, ba ya kula da majiyyata ko hidimar talakawa, sai a kulle shi a ƙwace dukiyarsa. Melk ya tsira, saboda makarantarsa da sunan da ya yi a fagen ilimi.

Ko da talauci ya matsa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai da suka rabu da ɗaya daga cikin taskokinsu, Baibul ɗin Gutenberg, don su gyara gini. An yi gwanjonsa a 1926, yanzu yana Jami'ar Yale a Amurka. A 1938 'yan Nazi suka karɓe makarantar, kuma a 1944 suka buɗe sansanin gwale-gwale a garin, inda mutane sama da 4,800 suka mutu. Bai kamata kyan ginin ya mantar da mu wannan ba. Bayan yaƙin makarantar ta koma hannun masu ita.

Yau ɗalibai maza da mata kusan 900 ke karatun sakandare a cikin ginin, ɗakin littattafansa na ɗauke da littattafai kimanin 100,000, kuma tun 2000 yankin Wachau da garin ke ciki yana jerin wuraren tarihi na UNESCO.

Mu lura, ranar da sarki ya zo da niyyar rufewa, tsayin tsauni da kaurin bango ba su hana komai ba. Amfanin da jama'a ke samu daga ajin karatu ne ya tsaya wa gidan. To mu fa, yaya ɗakin karatun makarantarmu yake? Littattafai nawa muka ara a zangon nan, nawa muka mayar lafiya? Ku aiko mana da amsa, mu haɗu mako mai zuwa.