An buga hatimi, amma ba wanda ya zo ya ga katangar

1/ Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. A cikin tsohon garin Tambuwal muna da gidan kakanni: zauren ƙasa, rufin azara, katanga mai kaurin da yaro ke kwanciya a kanta. Yanzu baffana zai ɗora bene na bulo manne da zauren. Kuma wai ya samu izini.

2/ Na ga takardar da idona. Hatimi raɗau, sa hannu, rasit. Na ce, "Baffa, wa ya zo ya duba wurin?" Ya ce, "Duba me? Zane anka kai musu, sunka sa hannu." A jikin zanen kuwa, inda zaurenmu yake fili ne fari fat, kamar ba komai a wurin.

3/ Kafin ’yan "kai ba ka son cigaba" su iso: ina son bene. Ni ma na gaji da ɗakin da ke yoyo a watan Agusta. Baffa yana da ’ya’ya maza huɗu da suka isa aure, ina zai sa su? Rigimata da wanda ya sa hannu ce.

4/ Ku tambayi kowane tsohon magini abin da ke kashe ginin ƙasa, zai ce ruwa a gindi. Rufin kwanon bene zai tara ruwan sama ya kwararo shi wuri guda, daidai kan katangar zauren. Ramin harsashin da za a haƙa manne da ita zai yanke ƙasar da take tsaye a kai. Sokawe kuma an zana shi taku uku daga gindinta. Damina biyu ko uku, sai a ce "ai dama ya tsufa."

5/ Sai kuma maganin da kowa ke kawowa: a shafe shi da siminti ya huta. Katangar laka tana shan raɓa tana fitarwa. In ka rufe ta da siminti, danshin ya maƙale ciki, waje sumul, ciki yana zama gari. Shi ya sa kakanninmu ke yaɓe da makuba, suna sabuntawa.

6/ Ba mu ne na farko ba. Masallacin Juma’a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun ƙarni na 19, an kewaye shi da ginin zamani a shekarun 1970. A Agustan 2023 wani sashe ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu. Lulluɓe tsohon gini da sabo bai ɗauke masa buƙatar kulawa ba.

7/ Ƙofar Na’isa ta Kano fa? An rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Wannan ƙofa ce da duniya ta sani. To ina ga zauren da mu kaɗai muka san darajarsa?

8/ Nan matsalar take. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tana kare wuraren da aka ayyana a hukumance ne, irin su Surame. Gidan gado na cikin unguwa ba ya cikin lissafi. Abin da ya rage masa shi ne idon jami’in da ke ba da izinin gini. In shi ma bai taka ƙafa ya zo ba, shi ke nan.

9/ Abin haushin, wanga ba sabon ilimi ba ne da za a ce sai Turawa sun koya mana. Fiƙihun Malikiyya ya yi magana kan indararon da ke zuba a katangar maƙwabci da tagar da ke leƙa tsakar gidansa. Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Khalid ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce tun ƙarni na 19. Gwandu fa, nan kusa da mu. Tagogin benen Baffa na sama kuwa, kai tsaye madafin Inna suke kallo.

10/ Garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna, kullum muna alfahari da shi a Facebook. Ranar sallah kowa hoto a ƙofar tsohon zaure da rawani. Agadas ta shiga jerin UNESCO a 2013 da ginin laka irin namu, mu kuwa muna ganin laka alamar talauci ce.

11/ Abin da na roƙa ba shi da yawa. A ja benen baya a bar tazara. A juya ruwan rufin zuwa kwalbati. A kai sokawe can ƙarshen fili. A ɗaga tagogin da ke kallon cikin gida. Kuma a sake zanen da zauren a jikinsa, wani ya zo ya gani kafin ya sa hannu.

12/ Baffa ya ce ni yaro ne, kuma takarda ta riga ta fito. Na rubuta ƙorafi na kai ofishin, na haɗa da hotunan katangar, an karɓa an ce in dawo. Tifar yashi ta farko Asabar za ta zo. Wanda ya san magini ko injiniyan da ya taɓa aikin gini kusa da ginin ƙasa, tsakanin Tambuwal, Kebbe ko Sakkwato, ya yi min magana ta inbos kafin Juma’a.