Mu tare farar dango tun ba ta yi fiffike ba

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, farar dango da ta cinye hatsinmu a 2004 irin wadda ke hayayyafa a Abzin da Tamesna ce bayan ruwa. In ƴaƴanta suna warwatse, koraye ne, suna gudun juna. In ciyawa ta fara bushewa, sai su cunkushe wuri guda, ƙafafunsu na baya suna gogar juna. Cikin ƴan awoyi halinsu ya sake, daga baya su koma rawaya da baƙi, su zama dango. Uwa kuma tana gadar wa ƴaƴanta wannan hali. A ganina, duk wanda ya ga ƴaƴan fara sun taru, ya shaida wa malamin gona a ranar. In suka tashi sama, magani ya yi wuya.